Arziki, Yaudara da Cin Amana a Finafinan Hausa: Tarke ta Fuskar Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

1.0 Gabatarwa

Tun bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, jigon soyayya ne ya mamaye fim ɗin Hausa na bidiyo. Masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi bayani mai gamsarwa a kan yadda finafinan Indiya suka yi tasiri a wannan fage, musamman ta fuskar rawa da waƙa da takarar masoya biyu a kan mutum ɗaya. Wannan takarda za ta tsaya ne a kan wani reshe guda na jigon, wato soyayyar da aka cakuɗa ta da dukiya da ɓoyayyen sirri, inda mai kallo ke zama cikin zullumi yana jiran ranar da asiri zai tonu. A nan za a kira su finafinan soyayya masu sarƙaƙiya.

Za a auna waɗannan finafinai ne daga wani wuri mai nisa da Kano, wato ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Dalili kuwa shi ne, abin da marubucin fim ya ɗauka kowa ya sani ya kuma yarda da shi, ba ya fitowa fili sai an kai aikin inda ba a ɗauke shi haka ba. Fim ɗin Hausa ya bi Hausawa duk inda suke, da farko ta kaset, sannan ta faifai, daga baya kuma ta wayar hannu da YouTube. Saboda haka tambayar ita ce: me labarin attajiri da mayaudariya yake faɗa wa Bahaushen da kakansa ya bar gida da ƙafa, kuma me ya kasa faɗa masa?

2.0 Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara kai mutanen ƙasar Hausa Sudan. Amma babban ayari ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira, Fulani da Hausawa, zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, wanda har yau ake kira da sunansa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun audugar Jazira, sai aikin gona ya riƙe dubban matafiya da ke neman guzirin ƙarasawa Makka. Mafi yawansu ba su samu hawasha ba, wato gonar da hukumar gandun ke ba manomi ya riƙe. Sun zama 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, suna zaune a unguwannin bayan gari ko a ƙauyukan kansu.

An yi rubuce-rubuce masu muhimmanci a kansu. Mark Duffield ya yi littafi a kan tattalin arzikin Mai Wurno a 1981. C. Bawa Yamba a 1995 ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka zo suna kallon kansu a matsayin alhazan da ke kan hanya, ba mazauna ba. Al-Amin Abu-Manga kuwa, a 1999, ya bi diddigin yadda Hausarsu ta rinƙa jingina da Larabcin Sudan a kalmomi da furuci. Abubuwa uku ke nan da ya kamata ɗalibi ya riƙe kafin a shiga finafinan: mutane ne da dukiyarsu ke fitowa daga aikin da ido ke gani, da rayuwarsu ta ginu a kan alƙawarin da bai cika ba tukuna, kuma da Larabci ya zama abokin zaman harshensu, ba Ingilishi ba.

3.0 Tushen Jigon

Kuskure ne a ɗauka cewa daga Indiya aka kwaso wannan jigo ɗungurungum. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito bayan gasar 1933, ya riga ya tara kayan haɗin duka. Abubakar na son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya raba su, Abubakar ya shiga duniya neman hanyar ramuwa, kuma sharrin ya sauka a kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Haka nan a Magana Jari Ce, Waziri ne, mutumin da aka bar wa amanar gari, ya ƙulla makirci da abokan gaba.

Abin lura shi ne inda waɗannan littattafai suka ɗora laifi. A Jiki Magayi, mai dukiyar da ya yi amfani da ita ya ƙwace abin da ba nasa ba shi ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa, mai ramuwar ma bai ci riba ba. A Magana Jari Ce kuwa maci amanar namiji ne mai muƙami. Da jigon ya shigo bidiyo, sai aka sauke kayan daga kan attajiri da mai muƙami, aka ɗora wa mace.

4.0 Daga Wasila Zuwa Labarina

Wasila, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni a 2000, shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Jamilu, wanda Ali Nuhu ya fito a matsayinsa, ya auri Wasila yana matuƙar sonta, ita kuma ta ci amanarsa da tsohon saurayinta. Ƙarfin fim ɗin yana cikin sauƙinsa. Amana ɗaya ce, an ba da ita a gaban shaidu, an kuma ci ta. Mai kallo a Kano ko Wad Madani ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi, domin igiyar aure ɗaya ce a Musulunci ko'ina. Amma wannan nasara ta bar gado mara kyau. Masu shirya fim da dama sun fahimci cewa cin amana na nufin abin da mace ke yi a bayan idon miji, suka yi ta maimaita shi har ya zama kamar ba wata amana a duniya sai ta ɗakin aure.

Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara sakawa a YouTube a 2020, ya yi ƙoƙarin fitar da amana daga ɗaki zuwa wurin aiki. Umar Hashim ma'aikaci ne mai gaskiya a cikin masu kuɗi, Hajiya Nafisa kuwa 'yar masu dukiya ce mai izza. Wannan ci gaba ne, kuma ya cancanci yabo. Matsalar ita ce an tsarkake tauraron har ya wuce a jarrabe shi. Idan mai kallo ya tabbata tun daga farko cewa wane ba zai taɓa karkata ba, to zullumin ya ragu, abin da ya rage shi ne jiran yadda za a wanke shi daga sharrin da aka ƙulla masa. Sau da yawa maganarsa takan koma wa'azi, wa'azi kuwa, komai kyansa, ba ya maye gurbin hali.

Labarina na Aminu Saira, wanda shi ma ya fara a 2020, ya fi su natsuwa wajen ɗaukar hoto da tsara zance, kuma a cikinsa ne aka samu labarin da ya fi dacewa da wannan tarke. A wani zango na shirin, Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara, hamshaƙin mai kuɗi da ya ɓad-da-kama ya zama talaka domin ya samu macen da za ta so shi don Allah. Wannan dabara tsohuwa ce, tatsuniya ta san ɗan sarkin da ya sa tsumma. Amma ya kamata a tsaya a dube ta da kyau, domin a nan ne ma'aunin finafinan nan ya fi karkacewa.

Mutumin da ya gaya wa yarinya cewa ba shi da komai alhali yana da komai, ya sa ta yanke shawarar rayuwarta a kan labarin da ba gaskiya ba. Idan ta ƙi shi, an kama ta da kwaɗayi. Idan ta karɓe shi, ta ci jarrabawar da ba ta san tana ciki ba. Shi ya tsara tambaya, shi ya ɓoye amsa, shi ne kuma alƙali. Labarin yana gabatar da wannan a matsayin gwaji. Da a ce yarinya talaka ce ta ari kaya da mota ta nuna wa saurayi cewa ita 'yar masu hali ce, ba wanda zai kira abin gwaji, yaudara za a ce. Aiki ɗaya ne, wato ɓoye matsayi domin samun aure, amma sunansa ya danganta da wanda ya yi shi da kuma inda ya dosa. Wanda ya sauko daga sama mai hikima ne, wadda ta yi ƙoƙarin hawa kuwa mayaudariya ce. Daɗin daɗawa, gwajin kansa yana da ɓaraka: duk wadda ta gano sirrin attajirin tana iya nuna son talakan da ƙarfi fiye da mai sonsa da gaske. Ke nan ƙarya ba ta tace gaskiya ba, wata ƙaryar ta gayyato.

Akwai kuma bambancin yadda ake hukunta mayaudari da mayaudariya. Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa a zangunan farko na Labarina, dattijo ne mai son abin duniya wanda harshensa ya fi hannunsa aiki, kuma yana cikin taurarin da masu kallo suka fi so. (Ga mai neman Hausar zance da habaici da iya karkata magana, bakinsa makaranta ce.) Wayon namiji abin dariya ne da sha'awa, wayon mace kuwa abin kuka ne da tsinuwa. Wani ɓangare na wannan ya samo asali daga yanayin da sana'ar ke ciki. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, mai shirya fim ya san cewa dole a ga sakamakon mai laifi kafin a rufe, kuma hukumar ba ta saki linzami ba, domin a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22, har da Labarina, bisa rashin kai su a tace. Amma hukuma ba ta ce lallai mace ce za ta yi nadamar ba. Wannan zaɓin marubuta ne.

5.0 Kalmomin Jigon

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Philip Jaggar da Malami Buba, a wata maƙala ta 2009, sun nuna cewa idan aka faɗaɗa ma'anar aikatau ci yakan nuna rinjaye da galaba, sha kuwa yakan nuna abin da ya sauka a kan mutum. Shi ya sa ake cewa cin amana, cin zarafi, cin mutunci, cin fuska, amma shan wahala, shan kashi, shan duka. Ana iya karanta kowane fim daga cikin waɗannan ta wannan hanya: wa ya ci, wa ya sha.

A lura kuma da karɓau. Idan aka ce "ya yaudare ta", mutum ne karɓau. Idan aka ce "ya ci amanarta", amanar ce karɓau, ba matar ba. Wato kafin a yi cin amana sai an riga an ba da wani abu a hannu, sirri ko kuɗi ko 'ya ko igiyar aure. Baƙo yana iya yaudara ko damfara, amma ba ya iya cin amana, sai na jiki. Ha'inci ya fi zama a ciniki da awo da aikin da aka ba mutum. Zamba cikin aminci ta haɗa biyun, cuta ce da aka lulluɓe da fuskar abota. Kissa da kisisina kuwa al'ada ta riga ta jingina su ga mata, abin da ke nuna cewa karkatar da aka gani a sama ba a fim kaɗai take ba, tana cikin ƙamus. Da wannan ma'auni, abin da Wasila ta yi cin amana ne, abin da Mainasara ya yi kuwa yaudara ce, ko da niyyarsa ta alheri ce.

Ga Bahaushen Sudan, da yawa daga cikin kalmomin nan suna da 'yan'uwa a harshen da yake ji kullum a kasuwa. Amana ita ce amana a Larabci, ha'inci daga kha'in yake, makirci daga makr, munafunci daga munafiƙ. Saboda haka ɓangaren ɗabi'a na fim ɗin yana isa gare shi kai tsaye, wataƙila ma da nauyin da ya fi wanda yake da shi a kunnen matashin Kano. Abin da ke yi masa nisa shi ne harshen dukiyar. Da zarar taurari sun shiga ofis, sai zance ya cika da manaja da darakta da kwangila, a wasu wuraren ma a juya zuwa Ingilishi ɗungurungum domin a nuna wayewa. Wanda ya yi makaranta da Larabci yana gane cewa ana nuna isa, amma ba ya bin abin da ake ƙullawa. Yana jin harshen laifin, ba ya jin harshen kuɗin da aka yi laifin dominsu.

Kalmar arziki ita ma daga Larabci take, daga ar-rizƙ, kuma ta fi dukiya faɗi. Polly Hill ta lura da haka a nazarinta na ƙauyen Batagarawa a 1972: arziki ya haɗa da rabo da sa'a da albarkar da ke bin mutum. Ana cewa ɗan arziki ga wanda ba shi da ko sisi, ana cewa zaman arziki da abin arziki. Finafinan nan sun tsuke kalmar ta koma gidan bene da jerin motoci. Kuma da wuya a nuna inda kuɗin suka fito. Akwai kamfani, akwai takardun da ake sa wa hannu, amma ba a ganin abin da ake sarrafawa ko wanda ya yi gumi. A Jazira kuwa ana iya bin kuɗi daga tushe: ruwan da aka sako daga madatsa, kadadar da aka shuka, buhun da aka auna, kason mai hawasha da kason wanda ya noma. Dukiyar da ba ta da tushe ba ta da haƙƙin kowa a cikinta, shi ya sa attajirin fim ke iya zama wanda aka zalunta kawai, ba a taɓa tambayarsa wa ya biya ba.

6.0 Amanar da Ba a Ɗauka Ba

Idan sarƙaƙiya ake nema, tarihin hanyar gabas yana da ita fiye da abin da ake ƙirƙira a falo. Matafiyi yakan shekara yana tara kuɗi a gonar wani, ya damƙa wa maigida ajiya ba takarda ba shaida, ya kuma miƙa su ga dillalin da ya yi alƙawarin tsallakar da shi teku daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu dillalan sun cika, wasu sun gudu da kuɗin. Noman raba-daidai shi ma a kan magana yake tsaye. A irin wannan rayuwa amana ba ado ba ce na hali, ita ce bankin, ita ce kotun. Fim ɗin Hausa ya taɓa kusantar irin wannan labari a Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ɗauka a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta ƙetare hamada neman ɗanta ta faɗa hannun waɗanda suka bautar da ita. Wannan turba ba ta samu magada sosai a zamanin bidiyo ba.

Akwai kuma batun asali. Finafinan sarƙaƙiya na son sirrin haihuwa, kamar a Mansoor na Ali Nuhu na 2017, inda saurayi ya gano cewa wanda ya ɗauka mahaifinsa ba shi ne ba. A fim, tonuwar asali takan warware matsala, a san ɗan wane ne, a ba shi matsayinsa. A Sudan tambayar asali ta daɗe tana ƙulla matsala maimakon warwarewa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ƙarshen shekarar 1897 a matsayin iyaka, wato sai wanda zuriyarsa ke ƙasar tun lokacin, alhali masu hijirar Burmi bayan 1903 suka iso. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar wane ne ɗan ƙasa ba ta mutu ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya ta kansu, abin da ke da alaƙa da mallakar ƙasa. Ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwan mutane sun mutu, dubbai sun bar gidajensu. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya ne suka juya wa juna. Kalmar da Hausa ke da ita ga irin wannan ita ce dai cin amana, amanar maƙwabtaka, kuma ta fi ƙarfin abin da tuba a minti biyar na ƙarshen fim zai iya ɗauka.

Ba a cewa wajibi ne mai shirya fim a Kano ya ba da labarin Jazira. Yana da kasuwarsa da masu kallonsa na kusa, kuma nishaɗi ba laifi ba ne. Mai yiwuwa ma gidan bene da motocin su ne abin da wanda ya wuni a gona yake so ya gani da dare. Amma hoton da yake aikawa gabas shi ne kusan hoton ƙasar Hausa kaɗai da matashin da bai taɓa zuwa ba yake samu a harshen kakanninsa: ƙasa ce da maza ke da kuɗin da ba a san tushensu ba, mata kuma ke farautar su. Ko wannan hoton ma ya yanke na wani lokaci. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023 ya isa Wad Madani a watan Disamba na shekarar, a watan Fabrairun 2024 kuma intanet ta ɗauke a mafi yawan ƙasar. Sojojin gwamnati sun sake karɓar Wad Madani a watan Janairun 2025, bayan mutanen Jazira masu ɗimbin yawa sun riga sun bar gonakinsu sun nufi Gadarif da Kasala, garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar alhazai.